Kahoot! a ofis: yana tayar da masu gyangyaɗi, amma sai ka iya rubuta tambaya

Duk wanda aka taɓa ɗora wa kula da harkokin ma'aikata ya san irin umarnin nan da ke saukowa daga sama babu ƙarin bayani: mutane sun yi sanyi, a yi wani abu. A wurin aikinmu ni ake turo wa wannan saƙo. Ba ni da ikon ƙara wa kowa albashi ko rage masa aiki. Abin da ke hannuna shi ne ɗan lokacin da ke saura a ƙarshen taron ma'aikata, da majigi, da ɗaki cike da mutanen da jikinsu ke kan kujera amma hankalinsu ya riga ya kama hanyar gida. A wannan ɗan tsakanin muke buga Kahoot!, kuma mun daɗe muna yi, har na ga na isa in faɗi albarkacin bakina a kansa.

Wasan kacici-kacici ne da ake yi ta intanet. Asalinsa daga ƙasar Norwe yake, inda wani malamin jami'a a birnin Trondheim, Farfesa Alf Inge Wang, da ɗalibinsa Morten Versvik suka fara gwada yadda za a mayar da tambayoyin cikin aji su zama gasa. Daga baya Versvik ya haɗu da Johan Brand da Jamie Brooker suka kafa kamfani, aka buɗe wa jama'a shi a shekarar 2013. Don 'yan makaranta aka yi shi tun farko, kuma har yau alamar hakan ba ta ɓace ba: launuka masu ƙyalli, kiɗa mai tsalle-tsalle, da dandamalin da ake ɗora na ɗaya da na biyu da na uku a ƙarshe. Wannan ne ma ya sa na yi ɗari-ɗari kafin in kawo shi gaban mutanen da wasunsu sun aurar da 'ya'ya.

Shiga ba ta da wahala, kuma nan ne ya fara burge ni. Mai gabatarwa kaɗai ke buƙatar rajista. Shi zai shirya tambayoyi, ya haska a allo, sai wata lamba ta fito. Kowa ya ɗauko wayarsa ya buɗe shafin wasan, ya rubuta lambar, ya zaɓa wa kansa laƙabi, shi ke nan. Ba sai ya sauke manhaja ba, ba sai ya ba da adireshin imel ba. Wanda ya taɓa ƙoƙarin sa mutum talatin su yi rajista a wani sabon abu a lokaci guda ya san darajar wannan sauƙi. Tambaya za ta bayyana a allo da amsoshi har huɗu, kowace da launinta da siffarta: ja alwatika, shuɗi mai kusurwa huɗu a karkace, rawaya da'ira, kore murabba'i. Kai dai ka danna wadda ka yarda da ita kafin lokaci ya ƙare. Siffofin ba don ado aka sa su ba. Akwai mutanen da idonsu ba ya raba ja da kore, galibi maza, muna da irinsu a cikinmu, kuma da siffar suke gane abin da za su danna.

Ruhin wasan yana cikin yadda ake ba da maki. Amsa daidai tana iya kawo maki 1000, amma sai ka yi sauri. Gwargwadon jinkirinka, gwargwadon raguwar makinka, har ya sauka zuwa rabi. Idan an ba da daƙiƙa 20 ka amsa a daƙiƙa ta 10, wajen 750 za ka samu. Idan ka tsaya nazari har lokaci ya kusa cika, ka tashi da abin da bai wuce 500 da ɗan ɗoriya ba. Wanda ya kuskure bai da komai. Wannan lissafi shi ke sa ɗaki ya ɗauki zafi. Mutumin da tun safe bai ce uffan ba sai ka gan shi ya miƙe tsaye, waya a hannu, yana ce wa na kusa da shi ya matsa ya daina tare masa allo. Bayan kowace tambaya a nuna mutum biyar da ke gaba, sai a kaure da ihu, wani ya hau, wani ya zame.

Tsarin nuna biyar na sama kawai ya yi mini. Wanda ya zo na ƙarshe shi kaɗai ke ganin matsayinsa a wayarsa, ba a tallata shi a bango. A wurin aiki wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mutum yana iya jure a kayar da shi, amma ba zai manta ranar da aka yi masa dariya gaban waɗanda yake shugabanta ba.

Sai dai saurin nan da ke kawo armashi shi ne kuma inda wasan ke da son kai. Yana fifita mai saurin karatu, da mai sabuwar waya, da wanda ya zauna inda sabis ya fi ƙarfi. Muna da wani dattijo a sashen kuɗi da babu abin da bai sani ba game da wurin nan, amma kafin ya gyara tabarau ya karanta amsa ta huɗu, samarin sun danna sun fara hira. Yana samun amsa daidai kusan kullum, ba ya shiga biyar ɗin farko. Ya taɓa ce mini, "'Yata, wannan wasan naku ba sani yake aunawa ba, yatsa yake aunawa." Gaskiya ya faɗa. Akwai dabarun rage wannan. Ana iya tsawaita lokacin kowace tambaya, daga daƙiƙa biyar har zuwa minti huɗu, kuma idan lokacin ya yi tsawo, tazarar daƙiƙa biyu ko uku ba ta cin maki da yawa. Ana iya sa tambayar ta fito a wayar kowa don masu zama a baya. Ana iya cire maki gaba ɗaya daga wata tambaya, ko a ninka na wata. Abin da ya fi yi mana amfani shi ne buga shi ƙungiya-ƙungiya: mutum uku ko huɗu su haɗu kan waya ɗaya, a haɗa mai sani da mai saurin yatsa. Tun da muka koma haka, ana rububin dattijon nan kamar ruwa a lokacin zafi.

Yanzu ga inda maganar take. Manhajar ba ta da abin dariya ko ɗaya a cikinta. Duk daɗin da za a ji, daga tambayoyin da ka rubuta zai fito.

A shafin akwai tarin wasannin da wasu suka shirya suka bari kowa ya ɗauka, ba sa ƙirguwa: manyan biranen ƙasashe, tutoci, tarihin ƙwallon ƙafa, alamomin kamfanoni. Suna da amfani idan lokaci ya ƙure maka, amma a ofis ba sa kai ko'ina. Abin da suke yi shi ne su sake nuna wa kowa abin da ya riga ya sani, wato wane ne ya yi karatu mai zurfi, wane ne bai yi ba. Masu digiri su yi gaba, masinja da maigadi su yi shiru su ajiye waya. Ka tara mutane don su saki jiki da juna, ka ɓuge da sake jera su bisa matakin da suke kai tun da safe. Ga shi kuma tunda kowa ke iya rubutawa ya ɗora, sai ka duba da kyau, don ba a rasa amsar da ba daidai ba a ciki.

Tambayoyin da ke tayar da ɗaki su ne waɗanda suka shafe mu. Matakala nawa ce daga ƙasa zuwa hawa na biyu? Tukunyar kashe gobara mafi kusa da ɗakin taro tana ina? Wace rana ce a mako aka fi kiran wayar ƙorafi? Wane launi ne ƙofar sito? Wane ne a cikinmu ya taɓa koyarwa kafin ya zo nan? Irin waɗannan suna juya ofis ƙasa ta koma sama. Mai shara ta san adadin tagogin ginin, manaja bai sani ba. Direba ya san wace hanya ce ta fi cinkoso da yamma, akanta sai dai ya yi canke. Ranar da direbanmu ya hau dandamali a matsayin na ɗaya, shugaban sashe ya ce a sake duba lissafin, cikin raha. Direban ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ba ka taɓa shigowa ta ƙofar baya ba, ta ina za ka san launinta?" An yi mako ana maimaita wannan magana a baranda. Mutanen da shekara da shekaru gaisuwa kawai ke haɗa su suka samu abin tsokanar juna, kuma tsokana irin wannan tana sauƙaƙa aiki fiye da yadda ake zato. Wanda kuka yi dariya tare jiya ba ka jin nauyin zuwa teburinsa yau ka ce fayil ɗinka ya maƙale a hannunsa.

Rubuta tambaya mai kyau aiki ne, kada wani ya ce maka minti biyar ya isa. Wurin rubutun ƙarami ne, harafi 120 ga tambaya, 75 ga kowace amsa, don haka dole ka tace magana. Na ɗauki wannan ƙunci a matsayin alheri, domin doguwar tambaya tana kashe wasa. Amsoshin ƙarya su ne masu cin lokaci. Biyu daga ciki su yi kama da gaskiya har mutum ya yi tababa, ɗaya kuma ta zama ta ban dariya wadda kowa zai gane wasa ce. Idan duka ukun shirme ne, babu gasa. Idan duka suna da wuya, ka koma jarrabawa. Ina sa mai sauƙi a farko don kowa ya ɗanɗana maki, in ajiye mai ninkin maki a ƙarshe don na baya su san ba a gama da su ba. Tambaya goma zuwa goma sha biyu ta isa. Da an haura haka za ka ga an fara leƙa saƙonnin WhatsApp a ƙarƙashin tebur.

Tambayar da ta shafi mutum kuwa, sai da izininsa. Hoton yarinta, tsohuwar sana'a, abin da yake tsoro, duk suna kawo dariya, amma shi zai kawo da kansa. Ba na taɓa shekarun mutum, ko aurensa, ko jikinsa, ko addininsa, ko inda ya fito. Laƙabi ma sai an sa ido. Da yake kowa ke rubuta nasa, ba a rasa mai ɗaukar sunan da ke habaici ga wani. Mai gabatarwa na iya danna sunan ya fitar da shi kafin a fara, akwai kuma tsarin da manhajar ke raba wa kowa laƙabi da kanta. Wannan na biyun ya fi kwanciyar hankali, ko da yake yana rage nishaɗi, don wasu laƙuban da mutane ke ƙirƙira sun fi tambayoyin ban dariya.

Akwai wani ɓangare da nake kallo da ido biyu. Bayan an gama, manhajar tana ajiye rahoto: wa ya amsa me, cikin daƙiƙa nawa, wace tambaya ce ta kayar da mafi yawa. Ana iya sauke shi a jadawali. Ga malamin makaranta wannan taska ce. Ni ma ya taɓa yi mini rana, lokacin da na ga fiye da rabin ɗakin ba su san inda ake taruwa idan gobara ta tashi ba, muka shirya bita a kan haka. Amma wani daga cikin manya ya taɓa cewa in turo masa rahoton da sunaye, yana son ya san waɗanda ba su san dokokin aiki ba. Na ce, "Yallaɓai, adadi zan iya ba ka, sunaye kuwa da laƙabi aka shiga." Da ma'aikata za su ji cewa abin da suka danna cikin raha ya shiga fayil ɗinsu, daga ranar wasan ya mutu. Kowa zai zauna a ɗarare yana lissafin abin da oga zai gani.

Haka ma maganar tilas. Wasu malaman jami'ar Pennsylvania a Amurka, Ethan Mollick da Nancy Rothbard, sun yi bincike a wani kamfani inda aka mayar da aikin masu tallan kaya ya zama gasa mai kama da ƙwallon kwando. Waɗanda suka karɓi wasan da zuciya ɗaya sun ƙara jin daɗin aikinsu, waɗanda aka ɗora wa ba da son ransu ba kuwa jin daɗinsu raguwa ya yi. A Faransa ma, a watan Nuwamba na 2022, babbar kotun ƙasar ta goyi bayan wani ma'aikaci da aka sallama, wanda cikin laifuffukan da aka jera masa har da ƙin shiga shagulgulan da kamfaninsa ke shiryawa da sunan nishaɗi. A wurinmu ba na kiran suna, ba na rubuta wanda ya fita. Muna da wata baiwar Allah da ba ta taɓa shiga ba, takan zauna a gefe da littafinta, wani lokaci ta ɗago ta raɗa wa na kusa da ita amsa. Hakan ya ishe ni. Kuma a cikin lokacin aiki muke yi. Wasan da zai ci hutun mutum ko ya hana shi tafiya gida kan lokaci ƙarin aiki ne, ko da wane suna aka kira shi.

Ƙananan abubuwan da ba su yi mini ba, ga su a gurguje. Kiɗan da ke tashi yayin jiran mutane su shiga yana da naci, ni kashe shi nake yi. Tsarin kyauta yana da iyakar yawan masu shiga, kuma wasu nau'o'in tambaya, irin su jera abubuwa bi da bi, ko rubuta amsa da hannu, ko jin ra'ayin jama'a, suna ɓangaren da ake biya. Ka duba abin da ke cikin kowane tsari kafin ka tara mutane, don sharuɗɗan sukan canza. Komai nasa ya rataya ne a kan intanet, ranar da na ofis ya yi rauni sai ka ga wasu sun faɗo daga wasan a tsakiya. Idan kuma akwai masu shiga daga nesa ta Zoom ko Teams, hoton allon yakan isa gare su a ɗan makare, sai na cikin ɗaki su riga su. Nan ma fito da tambaya a wayar kowa da tsawaita lokaci ne mafita.

Yana gundura? Shi kansa Farfesa Wang ya bincika wannan a tsakanin ɗalibai, ya wallafa a 2015, ya samu cewa yawan bugawa na tsawon watanni ya ɗan rage armashin aji amma sha'awar ɗaliban ba ta faɗi sosai ba. Manya a ofis ba ɗalibai ba ne. Abin da na gani shi ne kowane mako ya yi yawa, sau ɗaya ko biyu a wata ya fi. Ƙarfin da yake bayarwa kuma na ɗan lokaci ne. Yana wartsake mutane, su fita daga taro suna magana da ƙarfi, ya bar musu abin hira na kwana biyu. A watan da aiki ya yi wa mutane katutu ko haƙƙinsu ya makara, ba na ma kunna shi, domin ihun gasa a irin wannan lokaci kamar raini ne.

Wani zai ce duk wannan ai zaman kallon allo ne, mutanen da suka yini gaban kwamfuta an sake ba su waya. Haka ne, shi ya sa a ɗakin hutu muka ajiye Jenga, wasan katakon nan guda 54 da Leslie Scott ta fitar a Landan a 1983, wanda ake jera su uku-uku hawa 18, kowa ya zare ɗaya da hannu guda ya ɗora a sama har ginin ya rushe. Ba ya son intanet, ba ya son shiri, kuma yana sa mutum ya tashi daga kujera. Amma mutum huɗu ko biyar yake ɗauka, kuma waɗanda suka saba da juna ne ke zagaye shi. Kahoot! ne kaɗai na samu da ke kwashe ɗaki gaba ɗaya a lokaci guda, daga maigadi har shugaba, ba tare da an sa wani ya fito gaba ya yi rawa ko ya rufe ido ya faɗa hannun abokin aiki ba. Mai kunya yana iya cin gasar bai buɗe baki ba.

Wurin da ma'aikata ba su kai goma ba, ban ga dalilin wahalar da kai ba, takarda da biro sun wadatar. Daga mutum goma sha biyar zuwa sama, musamman inda sassa ba sa cuɗanya, ya cancanci a gwada, da sharaɗin akwai wanda zai zauna ya rubuta tambayoyin gida. Ni yanzu na sauke wannan nauyi daga kaina, kowane wata sashe ɗaya ke shiryawa. Na masu sito ya fi kowanne tayar da ƙura, don sun ɗauko hotunan kayan da muke amfani da su kullum, an matso da kyamara kusa sosai, aka ce a faɗi ko mene ne. Mutum biyu kacal suka gane ƙasan abin huda takarda. Wata mai zuwa na sashen kuɗi ne, na kuma riga na roƙe su kada su sa lissafi fiye da biyu.